Zabon Sarkin Fawa

Maccido na cikin ɗaure samira a bayan babur dariya ta sake kubce masa, igiyar roba ta suɓuce ta zabge shi a yatsa. Bai ma ji zafin ba. Tun wayewar gari haka yake, dattijo mai furfura da jikoki, yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai kamar wanda ake yi wa cakulkuli. Matarsa Uwaliya ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta na ƙamshin citta da tafarnuwa, tana yi masa irin kallon da ake yi wa mai sabon taɓin hankali.

Dambu ne a cikin samirar. Dambun tarwaɗa, wanda Uwaliya ta dafa, ta tsince ƙaya, ta daka, ta soya da ɗan mai kaɗan har ya yi wara-wara, ya yi launin dambun zabo. Gishirinsa bai fi abin da yatsa biyu za su ɗauka ba. Wanda za a kai wa kuwa shi ne Halliru, shugaban mahautan wata 'yar kasuwa a Wurno, wanda kowa ke kira Sarkin Fawa, abokin Maccido tun suna samari.

Tsakanin masunta da mahauta wasa ne tun kaka da kakanni. Mahauci ya ce masunci ƙarni yake yi, masunci ya ce mahauci ƙudaje ne fadawansa, kowa ya kira ɗan'uwansa bawa, ba mai fushi. Amma Halliru ya kai wasan inda ba a saba kai shi ba. Shekarun baya, a wani taron suna, aka ajiye masa kwanon kifi don tsokana. Ya miƙe tsaye a gaban mahauta da masunta, ya rantse da Allah cewa abin da ba shi da wuyan da za a ɗora wa wuƙa ba zai taɓa wucewa ta maƙogwaronsa ba. Mahauta suka yi shewa. Tun daga ranar duk inda Maccido ya shiga a Wurno da wannan magana ake tarbarsa, shi kuwa ba shi da ta mayarwa.

Yanzu ga ta ta zo har gida.

Uban Maccido da taru da goran ninkaya ya ci abinci a gulbin Rima. Shi Maccido, bayan an datse ruwa a Goronyo, kududdufai ya haƙa a ƙasan madatsa, yana jawo ruwa daga magudana, yana kiwon tarwaɗa kamar yadda ake kiwon kaji. Bana masu kududdufan yankin duka suka zuba 'ya'yan kifi lokaci guda, suka kuma girma lokaci guda. 'Yan sari na Sakkwato suka ɗebi abin da za su iya suka tafi. Ragowar ta yi ta ƙiba a ruwa, manya na haɗiye ƙanana, hayaƙin banda ya rufe unguwa, har kuliyoyi suka fara wuce kan kifi ba su waiwaya ba.

Ana cikin haka Safara'u ta zo. 'Yar Halliru ce, ma'aikaciyar jinya a wani ƙaramin asibiti a Rabah. Ta durƙusa ta gaida Maccido a bakin kududdufi, ta gaya masa jinin babanta ya hau, ya ƙi sauka. Yana shan ƙwayoyinsa, amma yana bin su da kitse da ƙashin tantaƙwashi da gishiri, don ya ce abincin da ba nama ciki ciyawa ce. Ta ce a wani taron ƙara wa juna sani ta ji masu bincike na tace sinadarin gina jiki daga irin wannan rarar kifin, suna gwada ko zai sassauta jijiyoyin jini. Abin bai iso nan ba tukuna, kuma ita ba ta ce magani ba ne. Amma ko ba komai, in kifi ya maye gurbin kitse, aka rage gishiri, aka ci gaba da ƙwayoyi, tana sa ran a ga sauƙi. Matsalar ita ce rantsuwar. Shi ya sa ta ce wa babanta Baba Maccido zai kawo masa dambun zabo.

Duk wannan bayani, abu guda ya shiga kunnen Maccido: kifi zai yi jinyar mahauci.

Ya hau babur zai tayar, Uwaliya ta matso.

“Malam, in anka ba mutum abin da yar rantse ba shi ci, shi ko bai sani ba, wa ad da zunubin?”

“Safara'u ad da shi. Ita taz zo da magana.”

“Ita ko ba ta dariya.”

Ya yi kamar ƙarar injin ta hana shi ji.

Hanya ta yi masa daɗi kamar ranar ɗaurin aurensa na fari. Shinkafar rani ta yi kore shar hagu da dama, injunan ban ruwa na ta tari a bakin magudanai, manoma na jera albasa a rumfunan kara. Ya ɗaga wa kowa hannu, har da wani jaki. A ransa ya riga ya tsara komai. Zai bari Halliru ya cinye, ya suɗe kwano, ya yi gyatsa. Daga nan sai ya zarce rumfar mahauta, ya hau kan kututturen da suke sara ƙashi, ya sanar da su abin da ya wuce ta maƙogwaron sarkinsu. Ya gwada kalmomin da babbar murya, iska na kwashewa. Ya ga fuskokinsu. Ya ga labarin ya bi motocin albasa har Achida, har Sakkwato. Dariya ta sa babur ya yi tangal-tangal, wani mai amalanke ya zage shi, ya amsa da “Na gode.”

Sai dai tambayar Uwaliya ta hau bayan babur ɗin tare da samira. Maccido ba malami ba ne, amma yana zama a bayan sahu in ana karatu bayan la'asar, kuma ya taɓa ji cewa rantsuwa na iya karyewa ko da mai ita bai sani ba. To in ta karye a cikin Halliru shi bai sani ba, bai yi kaffara ba, ya mutu da ita fa? Ya ce wa kansa ai ceton rai ya fi. Sai wata tambayar ta leƙo ta bayan wannan, wadda ta fi ta ƙaiƙayi: da a ce dambun nan zai warkar da Halliru sarai, amma ba wanda zai taɓa jin labari har abada, da zai tashi Uwaliya tun duku-duku ta hura wuta? Ya juya ta nan, ya juya ta can. Amsar da ya samu ba ta yi masa kyau ba, sai ya ƙara wa babur wuta ya bar ta a baya.

A ƙofar gidan Halliru ya ci karo da tsofaffi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, mata da maza, irin maƙwabtan da kowa ya san ba su da mai yi musu, kowanne da ƙullin shinkafa a gefen zane ko a hula. Ya ɗauka sadakar neman lafiya ce. Ya gaishe su da fara'ar da ta wuce kima, ya shiga.

Halliru na zaune a zaure kan tabarma, ya jingina da bango. Maccido ya ɗan tsaya. Mutumin da ke kayar da bijimi shi kaɗai ya rame a wuya, idanunsa sun yi ja, hannunsa na hagu na kwance kan cinya kamar na aro. A gefensa Lawwali ne, babban mataimakinsa a rumfa, wani ƙato mai gashin baki, ya zo gaisuwa da wuƙarsa a ɗamara.

“Nic ce mi ka ƙarni haka,” in ji Halliru. “Ashe bawana na yaz zo.”

“Ƙudajenka na biyo, su sunka gwada mani gidan.”

Suka tafa. Hannun daman Halliru da sauran ƙarfinsa, Maccido ya ji daɗin haka. Safara'u ta fito da abin awon jini, ta naɗa a damtsen babanta, ta matsa, ta duba, ta naɗe kayanta. Ba ta kalli Maccido ba. Ta ɗauki samira ta juye dambun a faranti, ta ajiye da ruwa, ta koma ta tsaya a bayan labule.

Nan ne Maccido ya fara gane girman wautarsa. Wa yake so ya ruɗa da citta da tafarnuwa? Wannan mutum in ya ɗanɗana tsoka yakan faɗi abin da aka yi kiwon ragon da shi, harawa ce ko dusa. Yakan shinshina hanta ya ce saniyar ta tsufa. Harshen da ya shekara hamsin yana wannan aiki shi za a ce wa tarwaɗa zabo ce? Gumi ya tsatstsafo masa a ƙarƙashin hula. Ga Lawwali ya zuba ido, har ya miƙa hannu zai ɗanɗana, Halliru ya doke hannun ya ce abincin maras lafiya ne.

Sarkin Fawa ya yi bisimilla, ya ɗebi dambu da yatsu uku, ya kai baki. Ya lumshe ido. Ya tauna a hankali, ya juya shi a harshe, ya haɗiye. Maccido ya bi lomar da ido tun daga leɓe har ta wuce maƙogwaro, ya ga ƙashin wuyan ya hau ya sauka. Wani abu ya taso masa daga ciki kamar kwalbar lemo da aka girgiza. Ya cije gefen babbar rigarsa.

“Zabuwa ta,” in ji Halliru, idonsa a rufe. “Ba zabo na ba. Macce ta.”

Lawwali ya gyaɗa kai irin na almajirin da ke gaban gwani.

Halliru ya ƙara loma, ya ci gaba da bayani cikin natsuwa. Ya ce ba ta gida ba ce, ta daji ce, daga wajen Rara, don zabin can ne ke da wannan laushin. Ya ce ta ci gero da yawa a ƙarshen rayuwarta, ta kuma sha ruwa fiye da kima. Wanda ya yanka ta dai bai iya riƙon wuƙa ba, amma ba a sa ran masunci ya iya. Maccido ya fara tari. Tarin ya koma wani irin kuka, hawaye na zuba, kafaɗunsa na rawa. Ya ce barkono ne. Lawwali ya ce ai bai ci ba. Ya ce ƙamshin ne. A bayan labule aka ji kamar wani ya toshe baki da mayafi.

Halliru ya cinye tas, ya suɗe yatsu, ya yi gyatsa, ya yi hamdala. Ya ce wa Lawwali ya koma rumfa kada nama ya kwana, ya kuma gaya wa jama'a cewa sarkin masu ƙarni ya tuba, ya rasa abin kirki a kududdufinsa, sai da ya je ya nemo nama mai wuya. Lawwali ya fita yana washe baki, da alama kafin ya kai kasuwa zai ƙara wa labarin gishiri.

Da suka rage su biyu a zaure, Maccido ya share ido, ya fara neman takalmansa, don ƙafafunsa har ƙaiƙayi suke su kai shi kan kututturen nan. Halliru ya ce ya dakata. Ya sa yatsa a gefen kumatunsa, ya zaro wani abu, ya kamo tafin Maccido ya ɗora masa. Ƙaya ce, 'yar siririya, fara, mai lanƙwasa.

“Ka ce ma Uwaliya ta ƙara lura. Wagga ta kusa tsaya mani.”

Maccido ya dubi ƙayar, ya dubi abokinsa.

“Tun yaushe kas sani?”

“Tun da ɗiyata tac ce kai za ka kawo mani zabo. Kai da ko ƙwai ba ka taɓa kawo mani ba.” Ya nuna ƙofa da haɓa. “Mutanen da kag gani, ka ƙirga su? Goma na. Na biya rantsuwata tun kana bisa hanya kana dariya.”

Maccido ya ce wa ya gaya masa yana dariya. Halliru ya ce ba sai an gaya masa ba.

Daga nan ya yi magana ƙasa-ƙasa, idonsa kan hannun hagun. Ya ce tun farkon zafi yatsun ke mutuwa suna dawowa. Ya ce yayansa haka ya fara, wata safiya ya tashi ɓarin jikinsa ya shanye, ya shekara biyu ana juya shi kamar buhu. Shi ba mutuwa yake tsoro ba, wannan juyin yake tsoro. Bai roƙi komai ba. Ya rufe yatsun Maccido a kan ƙayar da hannunsa mai lafiya.

“Ga ta nan. Kai kaɗ ɗauki shekaru kana jira. Yi yadda kag ga dama.”

Maccido ya san Halliru kamar yunwar cikinsa. In rumfa ta ji, zai yi dariya tare da su, ya amsa an kayar da shi, ya biya duk tarar wasa da aka ɗora masa. Amma daga ranar ba zai sake buɗe samirar da ta fito daga Goronyo ba, ko da jininsa zai fito ta kunne. A ƙofa Safara'u ta miƙo masa samirar an wanke, ta tambaya a hankali ko za a iya samun wani jibi. Ya ce kifi dai ga shi nan har yana cin junansa.

Hanyar fita gari ta gaban rumfar mahauta ta bi, ba yadda za a yi ya kauce. Tun daga nesa ya ga sun daina aiki. Lawwali ya riga ya isar da saƙo. Yari mai kalangu, makaɗin mahauta, ya gyara gangarsa a hammata, masu tsire sun bar wuta, har masu sayen nama sun juyo. Suka tare babur, suka kashe masa shi, suka sauke shi kamar ango. Ga kututturen nan a tsakiyar rumfa, baƙi, mai sulɓi, duk saran gatari, daidai tsawon da ya yi mafarki.

“Baba Maccido,” in ji Lawwali, “jama'a na son su ji da bakinka. Mi kak kai ma Sarki?”

Hannunsa na cikin aljihu. Ya damƙe ƙayar har ta shige masa tafi. Kalmomin da ya gwada a hanya suka taru a bayan haƙoransa suna turereniya, kowace na son ta riga fita. Ya ɗora ƙafa guda kan kututturen. Ya dubi fuskokin nan masu maiƙo, masu jiran su ci shi da dariya, alhali abin da zai birkice su duka yana cikin tafinsa, bai kai tsinken sakace ba. Daɗin wannan kaɗai ya kusa sa shi faɗuwa.

Ya sauke ƙafar.

“Zabuwa ta,” ya ce. “Ta Rara.”

Rumfar ta kece. Yari ya matse kalangu, ya fara kaɗa wa masunci tuba, wani ya ɗora masa jelar bijimi a kafaɗa kamar rawani, wani ya shafa masa kitse a gemu wai don ƙarni ya fita. Maccido ya yi ta dariya, ya fi su duka, har ya durƙusa ya riƙe ciki. Da kiɗa ya yi zafi ya miƙe ya taka, babbar riga na kaɗawa, hannu guda a sama, ɗayan a aljihu. Mahauta suka tsaya suna mamaki. Ba su taɓa ganin wanda aka kayar yana murna haka ba. Lawwali ya ce wa na kusa da shi lalle zafin rana da asarar kifi sun taɓa dattijon.

Da ƙura ta lafa, wani ya tambaya ko zai sake kawowa. Ya ce jibi, da gata, har sai Sarki ya miƙe. Sai ya lura da yadda Lawwali ke kallon samirar, yana ɗan buɗa hanci. Mutanen nan ba wawaye ba ne. Masuncin da ke kai dambun zabo Wurno kullum, ba a taɓa ganinsa da gashin zabo ba, ba zai daɗe ba a gano shi. Can gefen kasuwa wani Bafulatani na zaune da zabi a kwando. Maccido ya je a gaban idon kowa ya zaɓi mai ƙiba, ya ɗaga ta sama, ya tambaya da ƙarfi ko ta Rara ce. Bafulatanin ya ce ta Marnona ce. Ya ce ba laifi, Sarki zai gane, amma zai yi haƙuri.

Ya rataye ta a kan babur, kanta ƙasa, ta yi ta ƙara tun daga Wurno. Sai a hanya ya tuna cewa dole wani ya ci wannan zabuwa, da wadda za ta biyo ta, da ta bayanta. Shi da Uwaliya ne za su zauna a tsakiyar kifin da ya fi ƙarfin gari suna gwaguyar ƙashin zabo, Sarkin Fawa kuma na can yana suɗe tarwaɗa. Ya tsaya a bakin wata magudana ya yi dariya har ta ƙare masa. Ya zare ƙayar daga tafinsa, ya wanke ɗan jinin, ya bar ta ta bi ruwa.

Sauran hanyar a hankali ya tuƙa. Halliru ya wanke rantsuwarsa da mudun shinkafa, ya huta. Shi kuwa ya tsaya a tsakiyar kasuwa, a gaban Musulmi, ya shara ƙarya da bakinsa, jibi kuma zai sake. Ko ita ma tana da kaffara, bai sani ba. Ya lissafo malaman da ya sani a Goronyo, da na Wurno, da na Rabah, ya ga duk wanda ya je wa da tambayar, sai ya fara ba shi labarin.